Ɗora Manhajar Sa Ido Kan Netwok Ɗin Ma'aikata: Jagora Ga Masu Koyo a Sofoline da Kewaye

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne, a 'yan shekarun nan samari da yawa daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango da nan Sofoline sun shiga sana'ar kula da kwamfutoci, waɗansu sun koyo a Jami'ar Kwame Nkrumah, waɗansu a hannun iyayen gidansu a shagunan Adum, kuma ko da yake hannunsu ya faɗa wajen jan waya da haɗa na'ura, da zarar shugaban ma'aikata ya ce yana son a ɗora manhajar da za ta riƙa nuna lafiyar netwok dare da rana, sai ka tarar kurakuransu iri ɗaya ne, kai ka ce shawara suka yi. Su sauko da manhajar da hantsi, su ɗora ta kafin azahar, su nuna wa maigida allo cike da koren launi ya sa musu albarka. Bayan wata guda kuwa ka iske wayoyinsu maƙil da saƙonnin gargaɗi da ba mai buɗewa, har ranar da layin reshe ya mutu da gaske, sai mai karɓar kuɗi ne zai bugo ya sanar da su.

Matsayin wannan manhaja matsayin shaida ne a gaban alƙali, kuma kowa ya san ba a karɓar shahada sai daga wanda ya halarci abin da idonsa, ya kiyaye lokacin aukuwarsa, ba a san shi da ƙarya ko yawan surutu ba. Ɗora ta a kan kwamfuta shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar duka tana wajen cika mata waɗannan sharuɗɗa, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Zan ɗauka cewa kana aiki ne a wata ma'aikata matsakaiciya, makaranta ce ko asibiti ko gidan ajiya da lamuni, wadda babban ofishinta yake nan Sofoline a kan hanyar da ta taso daga asibitin Komfo Anokye ta nufi Abuakwa, tana kuma da rassa biyu ko uku, a ce ɗaya a Adum, ɗaya a Suame, ɗaya can Sunyani.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, kwamfutar da aka keɓe don wannan aiki kaɗai, wato saba, mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 da faifan SSD. Wannan ya wadatar ga na'urori ɗari ko ɗari biyu. Na biyu, UPS mai lafiyayyen batir, da abin kare na'ura daga tsawa da hauhawar wuta. Na uku, Ubuntu Server 24.04 ko Debian. Na huɗu, ƙaramin modam mai layin wani kamfani dabam da wanda ma'aikatar take sayen intanet a hannunsa. Na biyar, kalmomin sirri na dukan suwic da rauta da katangar tsaro, waɗanda sau da yawa za ka tarar suna hannun wani ɗan kwangila da ya bar gari. Na shida, izinin shugaba a rubuce, da sa hannunsa. Na bakwai, littafi da biro, kada ka raina su.

Game da zaɓen manhajar kanta, samari suna ɓata lokaci wajen jayayya fiye da kima. Nagios ita ce dattijiyarsu, Ethan Galstad ya fito da ita a 1999 da wani suna kafin a sake mata wannan, tana nan da ƙarfinta, amma saita ta yana bukatar haƙurin rubuta fayiloli da hannu. PRTG ta kamfanin Paessler na Jamus tana da daɗin sha'ani ga wanda ya saba da Windows, kuma kyauta ce har zuwa ma'auni 100. Sai dai ka sani kowace ƙofar suwic da ka sa wa ido ma'auni guda ce, saboda haka suwic biyu masu ƙofa 48 sun kusa cinye kyautar, daga nan kuma sai biyan lasisi da kuɗin waje, wanda duk mai karɓar albashi da sidi ya san yadda lissafinsa yake sauyawa tsakanin kasafin bana da na baɗi. LibreNMS, wadda ta ɓalle daga Observium a 2013, ta ƙware wajen gane suwic da rauta da kanta. Ni dai ga ma'aikata mai rassa Zabbix nake zaɓa, wadda Alexei Vladishev ya fitar a 2001, kamfaninta yana birnin Riga na ƙasar Latbiya, ba a biyan lasisinta, kuma tana da wata dabara ta wakili a reshe da zan yi bayaninta a mataki na 6. Misalaina a kanta za su kasance, amma ƙa'idojin sun game kowace manhaja.

1. Ƙidaya kafin komai

Kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Ɗauki littafinka ka zaga ofis ofis, ka buɗe kowane akwatin na'urori, ka rubuta kowace na'ura da irinta da adireshinta na IP da ɗakin da take da kuma na'urar da take rataye a jikinta, domin wannan na ƙarshe shi ne zai zama ginshiƙin gargaɗinka daga baya. Za ka gamu da abubuwan da ba sa cikin kowace takarda: ƙaramin suwic a ƙarƙashin teburin akawu wanda ofisoshi uku suka dogara da shi, ko rautar gida da wani ya sayo a Kejetia ya jona don ya sami waifai a ɗakinsa. Duk na'urar da za ka sa wa ido wajibi ne adireshinta ya zama tsayayye, don idan ana raba mata sabo kowace safiya, manhajar za ta wayi gari tana auna wayar wani baƙo da sunan firintar ofishin kuɗi. Ka ba kowace suna mai faɗin wurinta da aikinta, yadda wanda aka tasa daga barci zai fahimta ba tare da ya nemi taswira ba.

Sa'an nan ka zauna da shugabannin sassa ka yi musu tambaya guda: wane abu ne idan ya tsaya na minti goma aikinku ya tsaya? Mai asibiti zai ce manhajar katin marasa lafiya da ta neman kuɗin inshora, mai gidan lamuni zai ce hanyar da ke kai shi ga babban rumbun asusu da ta MoMo, mai makaranta zai ce wurin biyan kuɗin ɗalibai. Amsoshin nan su ne maƙasudin aikinka, sauran na'urori kuwa darajarsu gwargwadon hidimar da suke yi musu ce.

2. Mazaunin saba da wutarta

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ɗora manhajar a cikin babbar sabar da ke ɗauke da sauran ayyukan ma'aikata, don a huta sayen wata na'ura; ranar da wannan saba ta faɗi, mai ba da labarin ya faɗi tare da ita. Ka raba su, ko da kwamfutar da za ka keɓe ƙarama ce.

Wanda ya ga zamanin dumso, wato na yawan ɗaukewar wuta, musamman shekarar 2015, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan wuta. Abin da ake mantawa shi ne UPS ɗin ba sabar kaɗai zai riƙe ba: dole babban suwic da rauta da modam ɗin da zai fitar da saƙo su kasance a kansa, in ba haka ba sabar za ta zauna da ranta a cikin duhu, ba ta ganin kowa, ba ta iya kiran kowa. Ka auna minti nawa batirin yake ɗauka da wannan nauyi, ka gwada shi da tsawon lokacin da mai gadi yake ɗauka kafin ya tada janareta, kuma ka sa UPS ɗin kansa cikin abin da ake sa wa ido in yana da katin netwok, domin sanin cewa wutar ECG ce ta ɗauke a Suame ya bambanta ƙwarai da zaton layi ne ya yanke. Tsawar damina a Kumasi ba wasa ba ce, sai ka tabbata an binne ƙarfen ƙasa yadda ya kamata. Da hunturu kuma ƙura tana toshe fankar na'ura, saboda haka ma'aunin zafin ɗakin yana cikin na farko da za ka kunna.

3. Daidaita agogo

Wannan mataki gajere ne, amma barinsa yana rushe duk abin da ya biyo baya. Ka sa sabarka ta riƙa karɓar lokaci ta NTP, wanda ke bi ta ƙofar UDP 123, sa'an nan ka umarci kowace na'ura ta karɓa daga wuri guda. Waɗansu ƙananan rautoci ba su da batirin agogo, da wuta ta ɗauke ta dawo sai su koma shekarar 1970, kuma rahoton da ya ce layinka ya yanke a 1970 ba kamfanin da zai saurare shi. Mu a Gana Allah ya sauƙaƙa mana, agogonmu GMT ne duk shekara. Amma in kuna da hulɗa da ofis a Legas ko Yamai, ka tuna suna gabanmu da awa ɗaya, ka bar na'urori duka a kan GMT.

4. Ɗora manhajar da toshe ƙofofinta

Ka sauko da ita daga rumbun kamfaninta na asali, ba daga filashin aboki ba, kuma ka zaɓi fitowar da aka yi alkawarin daɗewa ana gyara ta, kamar Zabbix 7.0 da ta fito a 2024. Sassanta uku ne: sabar da ke tattara ma'aunai, rumbun bayanai na PostgreSQL ko MariaDB, da shafin da ake kallo ta burauza. Umarnin da za ka buga yana nan a shafinsu daki daki bisa ga irin tsarinka, ba sai na maimaita ba. Abin da shafin ba zai tilasta maka ba shi ne lissafin faifai, ga shi kuwa da sauƙi: na'ura 100, kowace da ma'auni 60, ana karanta kowane sau ɗaya a minti, ya zama adadi 100 a kowace daƙiƙa, wato 8,640,000 a yini, kowane adadi yana cin kimanin bait 90, sai ya kama kusan megabait 780 a yini, gigabait 23 a wata, wajen 280 a shekara. Saboda haka ka ajiye cikakken tarihi na wata ɗaya ko makamancinsa, ka bar taƙaitaccen lissafin awa awa, wanda ke riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma da matsakaici, ya zauna shekara ɗaya ko biyu. Faifan da ya cika yana kashe rumbun bayanai ba tare da sallama ba, don haka faifan sabar kanta ma ka sa masa ma'auni.

Da shafin ya buɗe, kafin ka sha ruwa, ka sauya kalmar sirrin da aka zo da ita, domin sunan Admin da kalmar zabbix duk duniya ta san su. Ka sa shafin a kan HTTPS, kada kuma ka buɗe shi ga intanet don kawai maigida ya leƙa daga gida. In dole ne, ta VPN. Dalili shi ne wannan saba ita ce take riƙe da taswirar gidan duka da mabuɗan shiga kowace na'ura, wanda ya mallake ta ya mallaki ma'aikatar. A Disamban 2020 aka bayyana cewa maɓarnata sun cusa guba cikin sabuntawar manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, wadda aikinta shi ne irin wannan sa ido, ma'aikatu kusan 18,000 suka sauko da ita, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Idan abin ya sami waɗannan, kai da ke da katangar tsaro guda ɗaya ba ka da hujjar sakaci.

5. Koya wa na'urori amsa tambaya

Harshen da manhaja take tambayar suwic da rauta da shi sunansa SNMP, an kafa shi tun 1988, tambaya tana tafiya ta ƙofar UDP 161, na'ura kuma in tana da labarin gaggawa sai ta aiko ta 162. SNMP ɗin iri uku ne. Na ɗaya da na biyu suna aika kalmar shiga a fili, duk wanda ya kasa kunne a kan wayar zai karanta, kuma na'urori da yawa suna zuwa daga masana'anta da kalmar public. Na uku shi ne mai tantance mai tambaya da rufe abin da aka faɗa, shi ne wajibi a duk inda na'ura ta iya shi. Inda tsohuwar firinta ko UPS ba su san sai na biyu ba, lalura ta halatta, amma da sharaɗi uku: kalma mai tsawo, izinin karatu kaɗai ban da rubutu, da kuma umartar na'urar kada ta amsa wa kowa sai adireshin sabarka.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa, domin yana sa manhaja ta yi ƙarya alhali ba a gane ba. Suwic ba ya faɗin gudun da ake yi a ƙofarsa. Abin da yake yi kawai ƙirga bait ɗin da suka wuce, ita manhajar ce take ɗebe karatun ɗazu daga na yanzu ta raba da lokaci. To, tsohon maƙirgi mai bit 32 yana cika ne a bait biliyan 4.29 da 'yan kai, sai ya koma sifili. A layi mai megabit 100 da ya cika, hakan yana faruwa cikin abin da bai kai minti shida ba. A layi mai gigabit 1 kuwa, cikin daƙiƙa 34. Idan kana karanta irin wannan layi kowane minti biyar, maƙirgin ya zagayo sau da yawa ba ka sani ba, zanen zai nuna maka layi yana hutawa alhali yana numfashi da ƙyar. Maganinsa maƙirgi mai bit 64, wanda SNMP na ɗaya bai san shi ba sam. Duk lokacin da ka ga zane mai haƙora, yana hawa yana faɗuwa ba dalili, a nan za ka fara bincike.

Ban da yawan abin da ke wucewa, ka karanta kurakuran kowace babbar ƙofa, domin ƙaruwar kuskuren CRC alama ce ta waya mai rauni ko kan da aka matse ba daidai ba, kuma tana bayyana tun kafin ma'aikata su fara ƙorafi. A layin faiba ka karanta ƙarfin hasken da ke isowa. In ka ga yana raguwa sannu a hankali, wani wuri ya lanƙwashe ko ƙura ta shiga. Sabobin Windows da Linux kuwa sai ka ɗora musu ƙaramin wakilin Zabbix, mai saurare a ƙofar 10050, ita sabar tana karɓa a 10051. Ka buɗe waɗannan a katanga tsakanin adireshin da ya dace da wanda ya dace kaɗai.

6. Rassa da hanyoyin waje

Reshen Sunyani yana da nisa, kuma layinsa shi ne ya fi yawan yankewa. Idan sabar Sofoline ce take tambayar kowace na'urar can kai tsaye, da layi ya yanke sai tarihin reshen ya zama rami, ba ka san ko wutarsu ce ta ɗauke ko suwic ne ya ƙone ba. Saboda haka ake ajiye wata ƙaramar kwamfuta a reshen a ɗora mata Zabbix proxy, wato wakilin reshen da na ambata tun farko, ita ce za ta riƙa aunawa tana tarawa a faifanta, in hanya ta buɗe ta aiko da duk abin da ya wuce. Ka duba tsawon awannin da aka saita mata na riƙon bayani ka ƙara, domin gyaran faibar da katafila ta tsinke ba ya ƙarewa a awa ɗaya, mu kuwa da muka ga yadda aikin gadar Sofoline da aka soma a 2007 ya ɗauki shekaru mun san haƙar titi ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. In reshen da rediyo yake haɗe, ka auna ƙarfin sigina tare da lura da lokutan ruwan sama da iska.

Game da intanet, masu koyo sukan sa manhaja ta riƙa taɓa adireshi guda a ƙasar waje, in ya amsa su ce lafiya, in bai amsa ba su ce intanet ya mutu. Wannan bai wadatar ba. Ka sa ta taɓa wurare huɗu a jere: rautarka, na'urar farko ta kamfanin da ke ba ka layi, wata saba da ke cikin Gana, da wata a Turai ko Amurka, kuma a kowanne ka auna jinkiri, da yawan abin da ya salwanta a hanya, da rawar da jinkirin yake yi, wadda ita ce ke ɓata kiran murya. Fa'idar wannan ta bayyana ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a wajen gaɓar Kodibuwa, intanet ya raunana a Gana da maƙwabtanta, gyara kuma ya ɗauki makonni. Wanda ya jera ma'aunansa haka ya gane cikin mintuna cewa na gida yana amsawa, na ƙetare ne ya yi shiru, bai wahalar da kansa da sauya rauta ko zagin yaransa ba. Ranar ta kuma koya wa mutane cewa sayen layi biyu daga kamfani biyu ba lalle ya zama hanya biyu ba, tunda suna iya haɗuwa a waya guda a cikin teku. Wannan tarihi na jinkiri da yankewa shi ne hujjarka idan ka zauna da MTN ko Telecel ko wani mai ba da layi a kan alkawarin da ke cikin yarjejeniyarku, kuma magana da zane mai kwanan wata ta fi magana da rantsuwa.

7. Shiru tukuna, sa'an nan gargaɗi

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Bayan ma'aunai sun fara shigowa, ka hana manhajar aika kowane saƙo har tsawon wata guda, kana kallo kawai, domin ba za ka san abin da ya saɓa wa al'ada ba sai ka san al'adar. Ka bari ƙarshen wata ya wuce a gabanka, lokacin da ake biyan albashi, ka ga yadda layi yake cika da safiyar Litinin da yadda yake saki lokacin sallar Juma'a, ka ga tsakar daren da ake kwashe kwafin ajiya. Layin da kullum yake kai kashi 80 cikin 100 da ƙarfe tara na safe ba abin tada mutum ba ne. Wanda bai taɓa wuce kashi 10 ba ya kai 60 da ƙarfe biyu na dare, shi ne abin tambaya.

Idan ka zo saita gargaɗin, ga abin da na ga ya fi amfani. Kada ka sa gargaɗi a ƙofofin da kwamfutocin ma'aikata suke jone, don kowa zai kashe tasa da yamma, kai kuma ka sami saƙo sittin. Manyan ƙofofin da ke haɗa suwic da suwic, da na sabobi, da na waje, su ne abin kula. Kada ka yarda da faɗuwa guda: sai na'ura ta kasa amsawa sau uku ko biyar a jere. Ka sa iyakar tashin gargaɗi ta bambanta da ta kwanciyarsa, a ce ya tashi a kashi 90 amma ba zai kwanta ba sai an sauko ƙasa da 75, in ba haka ba layin da ke yawo a bakin iyaka zai yi ta tashi yana kwanciya har ka gaji ka kashe shi. Mafi muhimmanci kuma, ka koma ga littafinka na mataki na 1 ka gaya wa manhaja wace na'ura ce take bayan wace, yadda idan rautar Adum ta mutu za a aiko saƙo ɗaya cewa rautar Adum ta mutu, ba talatin na duk abin da ke bayanta ba.

Kowane gargaɗi kuma sai ya kasance da mai shi. Saƙon da aka jefa a zauren mutum goma sha biyu, kowa yana zaton wani ya gani, daidai yake da wanda ba a aika ba. Ka rubuta wanda ke kan aiki kowane mako, ka saita cewa in bai amsa ba cikin minti goma sha biyar a wuce ga na gaba da shi. Abin da zai iya jiran safiya ya tafi ta imel. Abin da ya tsayar da aiki ne kaɗai ya cancanci ya buga waya da dare. Kuma a nan modam ɗin nan yake shigowa: gargaɗin mutuwar intanet ba zai bi ta intanet ɗin da ya mutu ba, sai ta gajeren saƙo a layin wani kamfani. Ka tuna da sa masa kuɗi, ka kuma sa ya riƙa aiko da saƙon gwaji kowace safiya, don shirunsa ya zama labari. Ƙa'idata ita ce, duk gargaɗin da ya zo sau uku ba wanda ya tashi ya yi wani abu a kansa, ko a gyara iyakarsa ko a share shi.

8. Haddin da ba a ƙetarewa

Idan ka kunna NetFlow ko sFlow a rauta, za ka ga ba yawan abin da ke wucewa kaɗai ba, har wace kwamfuta ce take magana da wane shafi. Wannan yana da amfani wajen gano abin da ya cinye layi, amma amana ce mai nauyi, kuma Suratul Hujurat ta hana tajassusi tun kafin a yi dokar ƙasa. Dokar ma tana nan: Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa ma'aikatun da ke riƙe bayanan mutane yin rajista da hukumar kare bayanai da kiyaye abin da suka tara, akwai kuma Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, bankuna kuma suna da umarnin Babban Bankin Gana a kan tsaron bayanai. A sanar da ma'aikata a rubuce abin da ake aunawa, a taƙaita masu ikon gani, kowa da sunansa na shiga. Idan wani babba ya ja ka gefe ya ce, "Malam, ɗan duba mini abin da wance take buɗewa," ka amsa masa da ladabi cewa, "Ranka ya daɗe, a rubuto ta ofis." Galibi maganar a nan take mutuwa.

9. Gwaji da miƙa aiki

Gani ya kori ji. Ka nemi izini, ka zaɓi yammacin Asabar, ka zare wayar babban layi da hannunka kana duban agogo: minti nawa kafin saƙo ya iso, wa ya samu, me ya ce? Ka kashe wutar ɗakin ka ga ko UPS ya riƙe abin da ka zata. Ka kashe rautar reshe ka ƙirga saƙonni. In sun wuce ɗaya, koma mataki na 7. Ka yanke layin proxy na awa biyu ka mayar, ka duba ko ramin ya cike. Sa'an nan ka kwashe kwafin saitunan manhajar da rumbunta zuwa wata na'ura dabam, ka kuma gwada mayar da shi ko da sau ɗaya, domin kwafin da ba a taɓa mayarwa ba zato ne kawai.

Daga ƙarshe ka rubuta takarda shafi biyu ko uku: ina sabar take, yadda ake ƙara sabuwar na'ura, ma'anar kowane gargaɗi da abin da ake fara dubawa, da inda aka kulle kalmomin sirri a ambulan a ofishin shugaba. Waɗansu suna ɓoye wannan ilmi don kada a iya sallamarsu, ni kuwa ban ga wanda hakan ya ɗaukaka ba. Abin da yake jawowa shi ne a kira mutum ranar Salla yana filin Idi. Ka zaunar da na ƙasa da kai ya ƙara na'ura guda a gabanka, ka sa ranar farko ta kowane wata don duba gargaɗin da suka fi yawan zuwa da na'urorin da aka sayo ba a shigar ba. Ɗan'uwa, in ba ka yi gwajin zare waya ba, kada ka ce wa maigida an gama.